Darasi: Tabon da ke jikin itacen gida, mi ya kawo shi?

Darasinmu na wannan karo a kan itacen da ke jikin gidajenmu ne: ƙyaure, wanda wasu ke kira gambu, da taga, da azara, da dirkokin rumfa, da ƙafafun rumbu.

A wasu ƙasashe, kamar Amurka da Kanada, da katako ake lulluɓe bangon gida duka. Mu nan ƙasar Dakoro bangonmu na ƙasa ne, ko na kara da zana. Itacen da muke sawa kaɗan ne. Amma shi ke ɗauke da rufin da muke kwana ƙarƙashinsa, shi ke ɗauke da hatsin da za mu ci har wata kaka.

Kuma itace ya yi wuya. Dattawa sun san yadda dajinmu yake kafin farin 1973 da na 1984. Azarar giginya daga nesa take zuwa, kamar wajen Gaya. Katakon kafinta yawancinsa daga ƙasashen gusum yake fitowa, ya sauka Maraɗi, sannan ya ƙara tafiyar kilomita sama da 100 kafin ya iso Dakoro. Ko goribar Gulbin Kaba, ba a sare ta yadda aka ga dama. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 tana nan. Mai son sare gawo, ko goriba, ko aduwa, sai ya fara ganin ma'aikatan gandun daji. Saboda haka wanda ke da itace a gida, ya kamata ya san lafiyarsa.

Itace ba ya magana, amma yana nuna alama. Alamar ita ce tabo. Wani tabon ba kome ba ne, muni kawai. Wani kuwa gargaɗi ne. Aikinmu yau shi ne mu koyi rarrabe su.

Tambaya uku da wuƙa ɗaya

In ka ga tabo, kada ka yi saurin sayen fenti. Tsaya ka yi tambaya uku. Wane launi ne? A wane wuri yake, sama ko ƙasa, gabas ko yamma, kusa da ƙusa ko nesa da ita? Yaushe ya fito, da rani ko da damana?

Sannan ka ɗauko wuƙa mai tsini. Soka tsininta cikin itacen kaɗan, ka ɓanɓaro. Itace mai lafiya yana da wuyar soka, kuma in ya ɓanɓaru, sili ne mai tsawo yake tashi, har ka ji ƙararsa. Itacen da ya ruɓe, wuƙa na shiga cikinsa ba wuya, kuma guntu-guntu yake karyewa kamar busasshen tuwo. Wannan gwaji shi ne babba cikin darasin nan. Duk tabon da za mu ambata, da shi za a fara.

Launin toka

Ƙyaure sabo ja ne ko fari. Bayan shekara biyu ko uku sai ya koma launin toka. Rana ce ta yi wannan. Haskenta na cinye abin da ke manne zaren itace da juna, amma a fata kawai. Iskar hunturu kuma ta zo da rairayi ta goge. Kankare da wuƙa: in ka ga launin asali a ƙarƙashi, kuma wurin da tauri, to ba ciwo ba ne. Mai hali ya goge ya shafa fenti. Marar hali ya bar shi, ba abin da zai faru. Sai dai a duba tsaguwa, domin ta nan ruwa ke shiga.

Baƙin zane ƙarƙashin ƙusa

Wannan shi ne tabon da ya fi ruɗa mutane. Za ka ga baƙi kewaye da kan ƙusa, ko ƙarƙashin sakata, ko inda kwaɗo ke rataye. Baƙin ya zubo ƙasa kamar hawaye. Wasu su ce itacen ya ruɓe. Wasu su ce datti ne, su yi ta wanki da sabulu, bai fita ba.

Dukawa sun san sirrin wannan tun kaka da kakanni. Da mi majemi yake jeme fata? Da bagaruwa. Da mi baduku yake baƙanta ta? Da kuloko, wanda ake yi da ƙarfe. In ruwan ƙarfe ya haɗu da abin da ke cikin bagaruwa, mai ɗaure baki in an tauna, sai baƙi ya fito nan take. To, wannan abin mai ɗaure baki yana cikin itatuwa da yawa, musamman jan katako da itacen bagaruwa kanta. Ƙusa ƙarfe ce. Ruwan sama ya jiƙa ƙusa, ya jiƙa katako, ya haɗa su. Ƙyaurenka ya rina kansa ke nan.

Ku gwada wannan a makaranta, ku gani da idonku. Ku daka ƴaƴan bagaruwa kaɗan, ku jiƙa cikin ƙwarya su kwana. Da safe ku tace, ku jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Ku bar ta. Ruwan zai yi baƙi kamar tawada. Sannan ku matsa lemun tsami a ciki, ku ga yadda baƙin ke gudu.

Maganin ke nan kun gani. A shafa ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya mai kauri a kan tabon, a bar shi ya jima, a wanke da ruwa mai kyau, a bari ya bushe. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku, kuma tsohon tabo ba ya fita duka. Amma in ƙusar na nan tana shan ruwa, baƙin zai komo da damana mai zuwa. A cire ta a sa irin wadda ba ta tsatsa, mai farin ruwa a jiki, kamar ta kwanon rufi. In ba a samu ba, a ƙara buga kanta ya nutse cikin katako, a toshe ramin, a shafa fenti.

In zanen ja-ja ne ba baƙi ba, tsatsa ce zalla. Ɗaga kai ka duba kwanon rufi ko ƙarfen taga, daga can take zubowa.

Abin lura guda: baƙin bai cutar da katako sosai, amma ƙusar da ta daɗe tana tsatsa tana rama, kuma itacen da ke kewaye da ita yana laushi. Girgiza ƙyauren ka ji ko ƙarafan da ke riƙe da shi sun saki.

Ɗigo-ɗigon baƙi ko kore na tsakiyar damana

Ruwan shekara a ƙasarmu bai cika wuce milimita 400 ba. Amma yawancinsa cikin Yuli da Agusta yake sauka. Lokacin nan iska na da laima, ɗaki na rufe. Sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko koraye a bayan ƙyaure, ko a tagar da ke ƙarƙashin inuwar bedi, inda rana ba ta kai. Hunhuna ce, irin wadda ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu. Abu ne mai rai, laima yake so.

Ƙaƙa za a rarrabe ta da datti ko da baƙin ƙusa? A ɗiga ruwan jabel, wanda ake sayarwa a kanti, ɗigo ɗaya a kan tabon. A jira minti biyu. In baƙin ya ɓace, hunhuna ce. In yana nan yadda yake, datti ne ko baƙin ƙarfe.

In hunhuna ce, a haɗa jabel awo 1 da ruwa awo 3. A goge da tsumma ko soso, a ɗauraye, a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga. A sa leda a hannu, a kiyaye ido, a kori yara daga wurin.

Ku karanta wannan sau biyu: kada a haɗa jabel da lemun tsami ko ruwan tsamiya. In sun haɗu suna tada iska mai guba, tana ƙona ido da ƙirji. In ƙyaure ɗaya na da tabo iri biyu, a yi maganin ɗaya yau, a wanke sosai da ruwa, a bari ya bushe, a yi ɗayan wata rana.

Kuma kada a shafa fenti a kan hunhuna. Tana ci gaba da rayuwa a ƙarƙashi, ta huda fentin ta fito.

Tabon da ke kashe mutum

Yanzu mun zo wurin da ya kamata kowa ya buɗe kunne.

Shiga shigifarka da rana, ka ɗaga kai. In ka ga azara da tabo launin ƙasa-ƙasa, mai baki kewaye kamar inda fitsarin yaro ya bushe a tabarma, ruwa ne ya bi ta wurin. Rufi na yoyo. Ko indararo ya toshe, ko daɓen sama ya tsage, ko ruwa na kwanciya a wani lungu. Sau da yawa tabon ba daidai ramin yake ba. Ruwa na shiga can, ya bi jikin azara, ya ɗigo nan. Sai an hau sama an bi sawunsa.

Masana itace sun auna: itacen da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Shi ya sa azara busasshiya ke ganin jikoki. Wadda ke jiƙa kowace damana kuwa, shekaru kaɗan take yi. Kuma wurin da ya fi ruɓewa shi ne wurin da ido ba ya gani, wato kan azara da ke cikin bango. Can laima ke daɗewa. Saboda haka ka kai wuƙarka daidai inda azara ta shiga bango, ka soka. Ka kuma ƙwanƙwasa da ƙotar fartanya. Mai lafiya na amsawa da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya na amsawa kamar ganga da ta jiƙa.

Rufin ƙasa yana da nauyi, in ya sha ruwa nauyin ya ƙaru. A damanar 2024 mutane sama da 300 suka rasu a Nijar saboda ruwa, wasu ambaliya ta tafi da su, wasu ɗaki ya faɗa masu. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Allah ya jiƙansu. Ba duk ɗakin da ya faɗi ne azara ta jawo ba, sau da yawa gindin bango ne ruwa ya ci. Amma azara ita ce wadda kake iya dubawa yau da wuƙarka, ba ka biya ko dala ba.

In wuƙa ta shige, ko azara ta lanƙwasa a tsakiya, a kafa gwafa mai ƙarfi a tokare ta tun yau. Kada kowa ya kwana a ɗakin daren da hadari ya haɗu. A kira magini. Gyaran rufi aikin bazara ne, kafin ruwan fari. Wanda ya bari sai Agusta, ya makara.

Na san wani magidanci a wani ƙauye wajen Kornaka. Saman ƙyaurensa ya yi duhu, ya sayi fenti ya shafa. Shekara ta kewayo, fentin ya kumbura ya ɓare, ya sake saye. Sau uku yana haka, yana zagin mai kanti wai ya sayar masa da fentin banza. Ranar da ɗansa ya hau soro neman kaza, sai ya ga indararo ya karye daidai saman ƙofa. Duk ruwan rufin a kan itacen ƙofar yake zuba. Da aka soka wuƙa, sai ta shige har ƙota. Kuɗin fenti uku sun fi kuɗin indararo nesa ba kusa ba.

Ku lura kuma da gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska na kaɗa ruwa a kan bangon gabas. Ƙofa ko tagar da ke kallon can ita ke fara lalacewa. A yi mata ƴar rumfa a sama, ko a jingina zana in hadari ya taso.

Duhu da fari a gindi

Duba ƙasan ƙyaure da gindin dirka. In akwai duhu daga ƙasa zuwa kamar taƙi ɗaya, ruwan da ke fantsama ne, ko laimar da itace ke tsotsa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Wani lokaci a saman duhun akwai fari-fari kamar kanwa. Gishirin ƙasa ne ya hau da ruwa, ruwan ya bushe ya bar shi. An fi ganin haka inda ake ɗaure awaki da tumaki, saboda fitsarinsu. Kankaro farin ka sa a ruwa. In ya narke, gishiri ne. In bai narke ba, kuma yana kama da zaren auduga ko saƙar gizo, to ruɓa ce ta kama itacen.

A datse ƙasan ƙyaure ya tashi daga ƙasa kamar yatsa biyu. A gyara ƙofar ɗaki ruwa ya gangara waje. A matsar da turken dabbobi. Ƙafafun rumbu kuwa a ɗora su bisa duwatsu.

Gara da ƙwaron da ke huda itace

Ba sai an gaya wa manomi kamannin gara ba. Layin jar ƙasa da ke hawa jikin dirka ko bango, hanyarta ce. Tana gina shi domin ba ta son haske da bushewa. Abin da ya kamata a sani shi ne, tana cin ciki ta bar fata. Dirka na tsaye kamar lafiya lau, ka danna da yatsa ya burma. A karya hanyar duk lokacin da aka gan ta, a bi ta har inda ta fito. A kwashe kara, da tsohuwar zana, da itacen girki daga gindin bango, domin su ke kiran ta. Wasu na zuba toka ko dakakkun ƴaƴan bedi cikin ramin dirka. Yana taimakawa, amma ba ya hana dubawa.

In kuwa ka ga gari mai laushi kamar na hatsi ya zubo ƙarƙashin azara, da ƙananan ramuka kamar an soka allura, ƙwaro ne a ciki. Share garin, ka dawo bayan kwana uku. In ka tarar da sabo, ƙwaron na nan da rai. In babu, tsohon aiki ne. Ƙwaron nan ya fi son farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, bai cika taɓa jar zuciyar itace ba. Shi ya sa masassaƙa ke neman ƙirya, ita da tauri kamar ƙarfe. Itacen da za a yi gini da shi a sare shi da rani, a ɓare ɓawon, a jera shi a inuwa bisa duwatsu ya bushe sarai. Gindin da za a bizne a babbake shi kaɗan a wuta.

Mutane da yawa na shafa baƙin man mota a gindin dirka. Gaskiya yana korar gara na wani lokaci. Amma guba ne. Kada a shafa shi a rumbu, ko kusa da rijiya, ko a ƙyauren da yara ke taɓawa su sa hannu a baki.

Baƙin madafa kuwa, kunkunniya ce ta hayaƙi. A bar ta. Itacen da hayaƙi ke bi kullum, ƙwaro bai cika son sa ba.

Kafin a shafa fenti

Fenti riga ce, ba magani ba. Ana sa shi bayan an kawar da dalilin tabon. A jira itace ya bushe, wato daga kaka zuwa bazara, ranar da babu ƙura. Fentin da aka shafa a kan ɗanyen katako ko jiƙaƙƙe kumbura yake ya ɓare. In ka ga wani abu mai danƙo kamar ƙaro yana fitowa ta cikin fenti, katakon bai gama bushewa ba aka yi aiki da shi. A bari ya daskare a kankare.

Wasu fentin mai suna da dalma a ciki, kuma dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna don kada ya yi ƙura, a tattara ɓawon a bizne nesa da rijiya. Kada a sa tsohon katako mai fenti a murhu.

Kuma a tuna da saman ƙyaure da ƙasansa, inda aka yanke katako. Nan ne ya fi shan ruwa, nan ne kuma masu fenti suka fi mantawa.

Mai son azara da dirka nan gaba ba tare da ya je kasuwa ba, ya rena su a gonarsa. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture biyu ko uku su girma maimakon a sare duka, a jihar Maraɗi aka fara yaɗa shi tun 1983. Tun 2020 kuma akwai dokar da ta amince manomi na da hakki a kan itacen da ya rena da hannunsa. Ma'aikatan gandun daji na Dakoro za su yi maku bayanin yadda ake bi.

Aikin makaranta

1. Kowa ya duba ƙyaurensa da azarar ɗakinsa. Ya rubuta a kaye: launin tabon, wurin da yake, da abin da wuƙa ta nuna. A karanta a gaban aji ranar karatu mai zuwa.

2. Wane tabo ne jabel ke fiddawa? Wane ne lemun tsami ke fiddawa? Domi ba a haɗa su?

3. Lissafi: ana haɗa jabel awo 1 da ruwa awo 3. Kana da jabel kofi 2. Ruwa kofi nawa za ka zuba? Duka kofi nawa ke nan?

4. Lissafi: ɗaki na da azara 24. An soka wuƙa, 6 sun ruɓe. Nawa suka rage masu lafiya? A ce kowace azara jika 2 ce, nawa mai ɗakin zai tanada kafin damana?